Taraktar da Shef Badaru Ya Bari

Alhamis, 26 ga Disamba 1963, bayan la'asar

Allurar mai ta sake faɗuwa yau. Da safe, inji da sanyinsa, tana tsayawa kan kilo uku kamar yadda ta saba. Ina cikin jan marmara zuwa bakin gulbi na duba agogon, sai na gan ta ƙasa da ɗaya, tana rawa a bakin ja. Na kashe tarakta a tsakiyar hanya, na zauna a inuwarta har ta huce.

Na daɗe ina tuƙa ta, amma ban taɓa buɗe cikinta ni kaɗai ba. Wannan aikin Shef Badaru ne, makanikin koperatib ɗinmu na shinkafa, mijin yayata Ajuma, wanda ya koya mini tuƙi. Tun Litinin ba ya nan, shi da sauran mutanen Dahome da ke aiki a Gaya. An kore su, an rufe gada a bayansu.

Mushe Yakuba, kamar yadda muke kiransa da Faransanci, shugaban koperatib, ya miƙo mini mabuɗan garaji ranar Talata. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Juma'a, 27 ga Disamba, da hantsi

Na zaro sandar awo. Mai yana nan daidai kan zanen sama, bai ragu ba. Na leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Na murza man a yatsu na sunsuna, ko gazuwal, man da take sha, ne ya zuba ciki ya tsinka shi. Ban ji warinsa ba. Sai dai hancina ya saba da gazuwal, ban yarda da shi sosai ba.

Yaya Ajuma ta dawo gidanmu da yaranta, suna ɗakin Inna. Gidan da suke ciki na koperatib ne, an ce su fita. Na gaishe ta da na dawo masallacin asuba. Ta gyara ɗankwali ta shige madafi.

Lahadi, 29 ga Disamba, da azahar

Allura kan uku da safe. Ƙasa da ɗaya da rana. Yaya ba ta yi mini magana ba.

Litinin, 30 ga Disamba, bayan magariba

Mushe Yakuba ya zo garaji ya same ni ina juye tsohon mai a daro.

Ya ce, "Halidu, ka je bakin gulbi yau?"

Na ce na je.

"To ka ga inda ruwa yake. Baƙin ruwan yamma yana hanya. In ba a rufe ɓarakar datsin nan ba kafin ya iso, shinkafar da mutane suka dasa duka ta tafi. Motar nan tana tashi ko ba ta tashi?"

"Tana tashi, Mushe. Amma mai ba ya hawa da ƙarfi. In na ci gaba, inji zai ci kansa."

"Allura ce kawai. Ka ɗaura mata tsumma kada ka gan ta."

Ya faɗa da dariya, amma ba wasa yake ba. Gonar mahaifinsa tana cikin fadamar. Tamu ma tana ciki.

Na zuba sabon mai, na sa sabon filtir na tace mai, na ƙarshe da ya rage a kan kanta. Allura ta hau uku da rabi. Na yi murna kamar yaro. Da inji ya ɗauki zafi ta fara sauka a hankali, ina tsaye ina kallonta har ta koma inda take jiya.

Tsohon man na rufe shi da faifai na tura ƙarƙashin benci. Shef ba ya zubar da mai sai ya gama da mota.

Laraba, 1 ga Janairu 1964, da safe

Bara war haka Shef yana gidansu yana gasa mana kifi da barkonon garinsu, Inna tana tari tana ce masa zai kashe ta. Yau ta tambaye ni ko ya aiko da saƙo. Na ce hanya a rufe take. Ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi.

Alhamis, 2 ga Janairu, bayan la'asar

Kamiyo-kamiyon gyaɗa, manyan motocin kaya, sun cika tasha, ba su da hanyar Faraku ta Dahome. Direbobi suna kwance a ƙarƙashinsu suna dara. Na sami wani da na sani, Sha'aibu, na roƙe shi aron agogon man motarsa. Raina yana gaya mini wataƙila agogonmu ne ya tsufa yake ƙarya, inji lafiyarsa lau. Na yi ta addu'ar haka tun daga tasha har garaji.

Sha'aibu ya biyo ni, muka ɗaura nasa tare. Muka tayar, muka zauna kan tayar baya muna jira ta yi zafi. Ya ba ni goro. Da lokaci ya yi ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Agogonka bai yi ƙarya ba."

Da zai tafi ya tambaye ni, "Wai kai ne ka…" Sai ya fasa. Ya ce Allah ya kyauta, ya naɗe agogonsa a tsumma.

Juma'a, 3 ga Janairu, bayan masallaci

Zeinabu, ƴar Yaya ta fari, ta same ni ina wanke hannu a bakin randa. Ta tsaya tana wasa da bakin zanenta.

"Kawu, ina ka kai Baba?"

Matata Kadi ta zo ta janye ta. Ban ci tuwon rana ba.

Asabar, 4 ga Janairu, da hantsi

Akwai wani ɗan sufaf a gefen inji, mai rasor, murɗaɗɗiyar waya mai turawa, a bayansa, wanda ke sakin mai in ƙarfinsa ya yi yawa. In ya maƙale a buɗe, ko rasor ɗin ya saki, mai sai ya riƙa komawa ƙasa bai hau ba. Na taɓa ganin Shef ya ciro shi sau ɗaya. Na ciro, na wanke da gazuwal, na goge da bakin rigata. Babu datti. Rasor yana da ƙarfinsa. Na mayar.

Uku. Sannan biyu. Sannan ja.

"Idan ta yi zafi…" Iyakar abin da Shef ya samu ya ce mini ke nan a bakin gada, aka tura shi gaba. Kullum ina ƙarasa maganar a raina, kullum da wani abu daban.

Litinin, 6 ga Janairu, bayan magariba

Na yi aiki da ita yau. Mushe Yakuba ya zo da dattawan fadama, suka tsaya a ƙofar garaji ba wanda ya zauna. Ɗaya daga cikinsu abokin marigayi Baba ne. Ya ce, "Ɗana, ba mu san ƙarfe ba. Ruwa muka sani."

Sai na riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, in kai, in kashe, in jira, in dawo. Wajen la'asar, a hawan da ke bayan makabarta, na ji wata ƙara daga can ƙasan inji, ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. In na saki ƙafa ta ɓace, in na taka ta dawo.

Na sauke marmarar a nan gefen hanya. Shanun wani Bafillace ne suka jawo mu gida.

Talata, 7 ga Janairu, da azahar

Ban je garaji ba.

Laraba, 8 ga Janairu, da la'asar

Mutane sun koma ɗaukar ƙasa da kwanduna da jakuna. Mata ma sun fito. Na je na ɗauki kwando na shiga layi. Wanda ke gabana da wanda ke bayana suna hira ta saman kaina.

A nan na fara jin maganar. Wai Shef ya zuba yashi a inji kafin ya tafi. Wai dama haka suke, sun fi son kome ya lalace a bayansu. Mai faɗin haka, Shef ne ya gyara masa keken ɗinkin matarsa bara, ko goro bai karɓa ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, da safe

Maganar ta kai rijiya. Kadi ta ce Yaya ta dawo da tulu babu ruwa, ta shiga ɗaki ta rufe. Yaranta ba sa fita wasa yanzu. Ƴan unguwa sun sa musu wani suna da ba zan rubuta ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan la'asar

Mushe Yakuba ya kira ni biro, ofishinsa, ya rufe ƙofa da kansa.

Ya ce wani babba zai zo daga Doso ranar Litinin ta sama, zai tambayi abin da ya kashe taraktar gwamnati a lokacin da aka fi buƙatarta.

"Amsa biyu ce, Halidu. Ko wanda ya tafi, ko wanda ke nan. Wanda ya tafi ba abin da zai same shi, yana ƙasarsu. Kai kana da mata, ga tsohuwa, ga yaran yayarka sun ƙaru."

Na ce, "Ban ga yashi ba, Mushe."

"Ka duba?"

Ban duba ba. Gaskiyarsa ce.

Ya ce, "To ka ce kana zato. Zato kawai. Sauran ka bar mini."

Ba mugun mutum ba ne. Ya kunna taba. Shi ma za a tambaye shi wa ya ce a yi aiki da ita.

Asabar, 11 ga Janairu, da azahar

Na jawo daron tsohon mai daga ƙarƙashin benci. Na sami farin ƙyalle, tsohon rawanin Baba, na ɗaure a bakin bokiti na riƙa tsiyaya man a hankali. Da sanyin nan mai ba ya gudu, sai da na ajiye daron a rana. Ban san abin da nake tsoro ba. Ko in gani, ko kada in gani.

Da ya gama tsanewa na shimfiɗa ƙyallen a rana, na bi shi da yatsa. Yashi yana ƙaras-ƙaras a hannu, kowa ya san shi. Babu. Abin da ke nan wasu ƴan ƙanana ne masu ƙyalli, fari-fari da ja-ja, masu laushi kamar ɓawon ƙaramin kifi. Ƙarfe ne.

Litinin, 13 ga Janairu, bayan magariba

Na kwance karter, kaskon da ke ƙasan inji. Wuni guda a kwance a bayana, mai yana ɗigo mini a ido. Rariyar da ke bakin famfon mai ta toshe rabi da baƙin laka, da irin ƙyallin nan. Na wanke ta. Famfon na buɗe shi, haƙoransa sun ɗan ci amma ba su mutu ba.

Sai na kama sandunan da ke riƙe da babban ƙarfen inji, na girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Ta uku ta amsa. Ƙwas. Ita ce ƙarar bayan makabarta.

Na kwance ta na ciro kusine, ɓawon ƙarfen nan mai siffar rabin munduwa da ke kwance tsakanin sanda da babban ƙarfe. Farin da ke fuskarsa ya cinye, jan ƙarfen ƙasa ya fito. Na sauran ma sun sha jiki. Ta nan man yake zurarewa. Da sanyi yana da kauri, sai ya riƙe. Idan ta yi zafi ya tsinke, sai ya gudu ta gefe.

Ko abin da Shef zai ce ke nan a bakin gada. Ban sani ba.

Irin wannan kusine daga Kwatano yake zuwa, ta Faraku, ta gada.

Alhamis, 16 ga Janairu, da hantsi

An ga wata, mun tashi da azumi. Ruwa ya taɓa gindin giginyar da ke kusa da datsi.

Asabar, 18 ga Janairu, da la'asar

Yaya ba ta yi mini magana ba. Amma yau da na dawo na tarar an wanke rigar aikina an shanya, kuma Kadi ta ce ba ita ba ce.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan shan ruwa

An yi zaman. Baƙon Doso, da Mushe Yakuba, da dattawan fadama a kan tabarma. Na kawo ƙyallen da kusine na ajiye a tebur.

Baƙon ya ce, "An ce mini an zuba yashi."

Na ce, "Babu yashi, ranka ya daɗe. Ga abin da na tace. Injin ya tsufa, kusine ya ci. Shef Badaru ya nemi sababbi tun damina ba su zo ba, shi ya sa yake lallaɓa ta, ba ya barin ta wuce rabin wuni."

"To me ya ƙarasa ta?"

Sai na faɗa. Ranar Litinin ɗin da aka kwashe mutanen Dahome kamiyo ba su isa ba, aka ce in ɗaura rimok, amalanken da tarakta ke ja. Gadaje, akwatuna, kekunan ɗinki, mata da yara a saman kaya. Daga gari zuwa gada, daga gada zuwa gari, tun hantsi har rana ta yi ja, ba a kashe ta ba. A zuwan ƙarshe Shef ne. Bai hau rimok ba, ya tsaya a ƙarfen da ke bayan kujerata yana dafe da kafaɗata, kamar lokacin da yake koya mini. Shi ya fara ganin allurar. Ya ce, "Halidu, tsaya. Kashe ta ta huta." Mai kakin da ke zaune kan murfin taya ya ce babu tsayawa sai gada. Ban tsaya ba.

Baƙon ya ce, "Ke nan kana cewa aikin hukuma ne ya lalata ta."

Na ce, "Ina cewa babu yashi."

Bai tambayi wa ya sa aka yi aiki da ita bayan haka ba, ni ma ban faɗa ba. Mushe Yakuba yana kallon taga.

An karɓi mabuɗan. An ce in zauna gida sai an neme ni. Ƙyallen sun riƙe, kusine ɗin na sa a aljihu ba wanda ya hana.

Laraba, 22 ga Janairu, da azahar

A kasuwa har yanzu yashi ake cewa. An ƙara da cewa suruki ba ya tona suruki.

Juma'a, 24 ga Janairu, da safe

Datsi ya ɓalle jiya bayan la'asar, daidai inda ba a gama ba. Ba da ƙarfi ba. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, mutane suna cusa ciyawa da buhuna, sai gefen ya zauna gaba ɗaya. Muka tsaya a tudu da kwanduna a hannu muna kallo yana shiga kunya-kunya. Kafin magariba kan shinkafa kawai ake gani. Yau da safe ba a ganin kome.

Abokin Baba ya wuce ta gabana. Ya ce, "Sannu, Halidu." Na kasa gane wace irin sannu ce.

Lahadi, 26 ga Janairu, bayan la'asar

Ina zaune a zaure Yaya ta shigo, ta zauna a bakin tabarma nesa da ni.

Ta ce, "Na ji abin da ka faɗa musu."

Na ce, "Abin da na gani ne, Yaya."

"Ranar nan da kuka tafi, na tsaya a ƙofa ina jira ka waiwayo. Ba ka waiwayo ba."

"Da na waiwayo, da ban iya tuƙin ba."

Ta share fuska da gefen mayafi. Sannan ta ce ta yi magana da Siddo Basarke, mai jirgin da ke kamun kifi ƙasa da gari. Ya san inda masu kaki ba sa zuwa. Zai ƙetare da ita da yara jibi da sassafe.

Na ce, "Mijinki ya ce ki zauna sai ya sami wuri."

"Yarana ba sa iya zuwa rijiya, Halidu. Wane zama?"

Na ce Inna fa. Ta ce Inna ce ta ba ta ƴan kunnenta.

Talata, 28 ga Janairu, da hantsi

Bayan sallar asuba na ɗauki ƙaramin a kafaɗa, Zeinabu tana riƙe da zanen uwarta. Gulbi ya cika ya yi faɗi, ɗaya gaɓar kamar zare. Siddo ya shimfiɗa taru a kan kayansu.

Da ta sa ƙafa a jirgi ta juyo. "Me zan ce masa?"

Na shirya magana tun jiya, duk ta gudu. Na ciro kusine ɗin daga aljihu na ba ta.

"Ki ba shi wannan. Ki ce na uku ne. Ki ce famfo bai mutu ba. Zai gane."

Ta jujjuya shi a hannu, ta ƙulle a bakin zane. Zeinabu ba ta yi mini ban kwana ba. Na tsaya har na daina bambance jirginsu da na masunta.

Laraba, 29 ga Janairu, da azahar

Siddo bai dawo ba.

Alhamis, 30 ga Janairu, da la'asar

Siddo bai dawo ba. Na bi ta garaji. Na bar karter a kwance, cikin inji a buɗe. Na roƙi mai gadi ya rufa mata buhu. Ya ce ba a ba shi wannan umarnin ba, amma zai gani.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan shan ruwa

Siddo ya zo da yamma, ya tsuguna a ƙofar zaure, ya ƙi shigowa. Sun ƙetare lafiya. Amma Shef ba ya Malanbil, garin da ke ƙetaren gada. An kwashe su duka a kamiyo tun makon farko, an yi kudu da su. Wasu sun ce Faraku, wasu sun ce har bakin teku. Ya zauna da ita suna tambaya gida-gida, ba wanda ya san takamaimai.

Ya ce, "Na ce mata mu koma. Na ce ba ki jin yarensu, ba ki san kowa ba. Ta ce in gaishe da tsohuwa."

Na ce, "Sai me?"

"Sai ta hau kamiyon doya da yaran. Na ga tashinsu."

Na shiga na gaya wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a miƙo mata buta.

Kadi ta dama kunu a babbar tukunya kamar yadda ta saba yi tun farkon azumi. Mun sha, mun bar fiye da rabi. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon tukunyar, sannan ta ɗauka ta kai wa maƙwabta.